Zuwa ga masu kula da makarantun gwamnati na Damagaram: kafin a rufe rajistan bana, a ƙirga muna kwanakin da yara suka zauna aji

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ina gaishe ku, ina yi muku sannu da aiki, tun daga shugabannin ilimi na jiha har zuwa su anspekta da konseye masu bin makarantu kan babur cikin rana. Ni ba ma'aikaci ba ne, ɗinki nake yi, karatuna ma bai wuce katiriyem ba. Sai dai ina da yara 4 a lakwal ta gwamnati, kuma shekara 3 ke nan iyaye suka ɗora mini riƙon kuɗin kwamitin makarantar unguwarmu, wato CGDES, wanda har gobe mutane COGES suke ce mishi. Wannan ɗan matsayin ne ya sa nake ganin wasu abubuwa da ba lalle su iso teburinku ba, don abin da ke isowa teburinku takarda ce, ita kuwa takarda ba ta zufa kuma ba ta tari. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, don ba ƙara na kawo ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Na san yanzu lokacin lissafi ne. Za a fito a rediyo a ce kashi kaza cikin 100 sun ci satifika ta gama firamare, kashi kaza sun ci BEPC ta gama kolej, kashi kaza sun samu bak ta gama lise, jihar kaza ta zo ta ɗaya, jihar kaza ta zo ta ƙarshe, a tafa ko a yi tsaki, shi ke nan sai kuma Oktoba. To ni akwai wani lissafi da nake roƙo a haɗa da shi, amma bari in fara da yabo tukuna don kar a ce ɗan ɗinki baƙin ciki ne ya dame shi.

Wallahi duk wanda ya ga yadda shekarar karatun nan ta 2024-2025 ta fara bai yi zaton za a kai ƙarshenta lafiya ba. Damanar 2024 ba wanda zai manta ta a garin nan, ruwan da ya kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, masallacin da kakannin kakanninmu suka yi salla a ciki, shi ne ya kayar da gidajen talakawa ba adadi, mutane suka kwashi tabarmi da tukwane suka shiga azuzuwan makaranta don ba su da wurin sa haƙarƙari. Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba, kuma ban ga laifinta ba, ina za a kai mutanen? A makarantarmu sai da muka yi kwana 2 muna shara da wanke azuzuwa, an dafa tuwo a kusurwar wani aji har bango ya yi baƙi, tabil-ban guda 3 kuma ƙafafunsu sun tafi murhu. Ban ce komai ba, wanda gidansa ya faɗi ba a mishi wa'azin banci. Duk da haka aka buɗe, aka yi karatu, aka yi kompozisiyon, aka yi egzama. Wannan kaɗai abin a ce sannu ne.

Sai maganar dawo da satifika, wato CFEPD, da aka yi a 2024 bayan an yi shekaru ba a yin ta. Ni dai a wurina an yi daidai. A shekarun da babu ita yaro kawai ake turawa gaba kamar ana tura amalanke, ya isa siziyem, ajin farko na kolej, bai iya karanta sunan unguwarsu ba, can a kolej a kore shi bayan shekara 2, ya dawo fada yana dafa shayi. Yanzu ko ba komai ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ya farka. Madam ɗin da ke riƙe da namu, Allah ya saka mata, tun daga Janairu take kiran yara ranar Asabar da safe tana musu bita, ba ta taɓa cewa a kawo ko dala ba, wani lokaci ma da goyonta take zuwa ta shimfiɗa mishi zani a ƙarƙashin tebur. Ɗiyata tana ajin. Kafin ƙaramar salla aiki ya yi mini yawa a shago, yaron da ke rubuta mini awo bai zo ba, sai na miƙa mata kaye da bik na ce gwada mu gani. Ina faɗin tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, tana rubutawa, ta sa sunan mai kaya da abin da ya ba da da abin da ya rage, har ta kama ni na yi kuskuren jika ɗaya a lissafin wani alhaji. Na juya baya na yi kamar ina neman almakashi don kar ta ga idona. Irin wannan ba ya shiga rahoto, amma ku sani akwai shi, kuma malamanku ne suka yi shi.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya nake ta dannawa da dare.

A takarda shekarar karatu wata 9 ce. A makarantarmu akwai yaran da shekararsu ba ta kai haka ba ko kusa, su ne ƴan ajin zana. Azuzuwanmu na siminti 4 ne, sauran rumfa ce muke kafawa duk shekara. Ita kuwa rumfa ba a kafa ta ranar da minista ya ce a koma, ana kafa ta ranar da zana ta shigo kasuwa da farashin da talaka zai iya, wato sai an gama girbi, ciyawa ta bushe, mutanen ƙauye sun samu sukunin saƙa. Kafin nan kuma sai an bi iyaye gida gida ana karɓar kotizasiyon, wannan ya ce sai ya sayar da wake, wancan ya ce ai gwamnati ta ce boko kyauta ne, wata ta ce mijinta yana Agadas bai aiko ba tukuna, kuma duk gaskiya suke faɗi. Ni ne mai kayen kuɗi, komai da kwanan wata nake rubutawa. Bana sai a makon ƙarshe na Nuwamba muka ɗaura zanar ƙarshe. Kafin nan yaran suna rakuɓe a gindin bedi, in rana ta juyo a tashe su. Iskar farkon damana kuma, wadda ke zuwa da jar ƙura kafin ruwa, ita ta kwantar da rumfa biyu a dare ɗaya tun ba a yi kompozisiyon ta ƙarshe ba, da safe muka tarar da allo a ƙasa awaki suna cin zana. Ku cire hutun Disamba, ku cire hutun tsakiyar zango na biyu, ku cire ranakun da hazo da sanyi suka hana yara zama don iska na ratsa zana kamar ba komai, kowa na tari malam na tari. Abin da ya saura ku lissafa da kanku, ku kuka fi ni iya lissafi.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, su wa ake sakawa a rumfar? Ƴan CI da CP, wato aji na ɗaya da na biyu a firamare. Ko'ina haka ake yi, ana ba manya ajin siminti saboda su ke da egzama, su ne za a gani a sakamako, ƙanana kuma a ce ai wasa suke yi. Alhali a CI da CP ne yaro ke koyon haɗa baƙi, in ya rasa shi a nan ya rasa ke nan, sai dai a yi ta jan shi. Ɗan autana yana CP bana, su fiye da 80 ne a rumfarsu, kowa da buhun da yake zama a kai, in ya dawo gida har cikin kunnensa rairayi ne. Allon hannunsa a cinya yake ɗorawa. Malamarsu in ta juya tana rubutu na baya ba sa ganin komai don hasken da ke shigowa ta ramukan zana yana faɗa wa allo tsilli tsilli. Shekara 4 nan gaba wannan yaron za a ba shi takardar egzama iri ɗaya da yaron da ya yi wata 9 cif a aji mai ƙofa da taga, in ya faɗi a ce yaran yanzu ba sa karatu.

Ban ma so in taɓo maganar wuta ba amma dole ce. Ba mu manta da Afrilun 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, galibinsu ƴan ƙanana. Ba a rufe shekarar ba, a watan Nuwamba, sai ga ta Maradi, nan ma yara sama da 20. Bayan nan hukuma ta hana sa ƴan jardan, wato ƙananan da ba su kai shiga CI ba, a ajin zana. To ɗan CI da ɗan jardan shekara nawa ce tsakaninsu? Akwai wata baiwar Allah mai tuyar awara a bakin makarantarmu, sau 3 ina zuwa ina roƙonta ta matsa da murhunta, ta matsa, bayan kwana 2 ta dawo don nan ne cinikin yake, ita ma marayu take ciyarwa. Duk ranar da iska ta taso ina kan keken ɗinki hankalina yana can.

Kwanakin da ke zubewa ba a rumfa kaɗai suke zubewa ba. Akwai ruwa. Kowa ya san Damagaram kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Gogo Machaya, Arungoza, Ganaram, kuma da zarar Afrilu ta shigo unguwannin gefe sai a koma kwana a bakin famfo. Su wa ke layin bido da asuba? Yaran lakwal ne, musamman mata. Yarinya ta tashi ƙarfe 3 na dare, ta samu ruwa ƙarfe 7, ta kai gida, ta iso aji ƙarfe 9 ta kifa kai ta yi barci, a rajista an rubuta ta zo. Makarantar kanta ba famfo, randa 2 muka saya muke biyan mai garuwa ya cika, kafin rekireyasiyon sun ƙare. Makewayi kuma gara kar in yi bayani. Abin da zan ce kawai, ƴan matan CM da suka fara girma akwai kwanakin da ba sa zuwa duk wata, iyayensu mata na ƙungiyar AME sun san dalili, mu maza ne muke yin kamar ba mu sani ba.

Akwai kuma zuwan malamai. Shekara ta fara, aji na nan, yara na nan, malam sai an yi makonni kafin a turo shi, wani an turo shi ma sai a sake ɗauke shi a tsakiyar shekara a kai wani wuri, direkta ya haɗa aji biyu wuri ɗaya yana ta ba iyaye haƙuri. Ƴan kontiragi kuma, waɗanda su ne suka fi yawa a azuzuwa, abin da suke samu kowa ya san ba ya kai wata. Na taɓa tare kabu-kabu da magariba zan je Sabon Gari sayen zare, sai da na hau na gane mushen ɗana ne, ya ja rawani ya rufe fuska. Har muka isa ba wanda ya ce uffan, na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, na matsa mishi, kunya ta kama mu duka. Mutumin da ya yini a aji ya kwana a kan babur yaushe zai duba kayen yara 80? Na ƙauye kuma in wata ya ƙare sai sun shigo gari karɓar kuɗi, zuwa da layi da komawa kwana 2 ko 3 sun tafi, sau 9 a shekara.

Kar ku ce na wanke malamai tas. Akwai wanda ke zuwa ya rubuta abu a allo ya ce a kwafa, ya fita ya zauna a inuwa da waya har a tashi. Mun san su, yara ma sun san su. Mu ma iyaye ba mu da bakin magana sosai. Mu ne masu ɗora wa yarinya talla ranar kasuwa, mu ne masu ɗauke yaro ranar Alhamis a ce ya raka kawunsa ƙauye biki sai Talata. Ni kaina makon salla na riƙe babban ɗana kwana 3 yana mini guga da sa maɓalli, direkta ya aiko aka kira ni, ni ma'ajin kwamiti guda, na je na sunkuyar da kai. A wajen su Kance da Matamaye kuwa an daɗe ana fama da kwasar yara a tafi da su Aljeriya yin bara, aji ya wayi gari rabi. Ga aurar da yarinya tana CM2 ko siziyem, duk da dokar da aka sa wa hannu a 2017 don kare karatun ƴan mata. Makarantar kwana ta ƴan mata da aka buɗe a Kelle cikin gundumar Gure dabara ce mai kyau, don yawancin iyayen ƙauye ba boko suke ƙi ba, tsoron inda yarinya za ta kwana a gari suke yi. Irinta muke so a ƙara.

Wata asarar kwanakin kuma yaro yana zaune a aji ake yin ta. Ɗan shekara 6 ko 7 da bai taɓa jin Faransanci ba sai a rediyo, ranar farko a fara mishi da shi, ya yi wata da watanni yana maimaita abin da bai san ma'anarsa ba kamar aku. Abin haushin, a garin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a ƙasar nan, tun 1973. Shekara 50 da ɗoriya ana gwaji, ko tuwon ƙasa ne ai ya ci a ce ya nuna. Yanzu kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Mun ji daɗi, an yi ta murna a Facebook. Amma murna ba ta koyar da karatu. Ina littattafan? An horar da malaman da za su koyar da ƙa da ɗa da ɓa? Don iya magana da Hausa daban, iya koyar da rubutunta daban, ni ga shi ina rubutawa ina tuntuɓe. Ga makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed a cikin gari, ga jami'ar André Salifou, mutanen da za su yi aikin ba daga wata ƙasa za a ɗauko su ba. Kuma ban ce a yar da Faransanci ba, yaro ya fara iya karatu da bakin uwarsa sannan a ɗora mishi sauran.

To abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, ba mai tsada ba ne a farko. Kowane direkta yana da rajista, kowane kwamiti yana da kaye irin nawa. A tambayi kowace makaranta, aji aji, ranar da aka fara karatu na gaske da ranar da aka daina, da kwanakin da aji ya zauna ba malam. In za a faɗi sakamakon egzama a rediyo a faɗi wannan tare da shi. Ina da tabbacin in kuka jera lissafin biyu gefe da gefe za ku ga inda ciwon yake ba sai wani ƙwararre ya zo daga waje ya gaya muku a otal ba. Kuma makarantar da ta samu rabin yara suka ci da wata 6 na karatu a rumfa, a ganina ta fi cancantar yabo a kan wadda ta samu duka da wata 9 da panka a sama.

Sannan a fitar da takardar tura malamai tun kafin Oktoba, kowa ya san inda za shi ya nemi ɗaki ya kai iyalinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. A ba direktoci umarni a rubuce cewa CI da CP su ne na farko a ajin gini, don in ba daga sama ya zo ba babu direktan da zai yarda ya fitar da ƴan egzama waje, shi ma sakamako ake tambayarsa. Mun kawo maganar a taron kwamiti bara, aka yi ta ja har aka kira magariba ba a tsai da komai ba.

Maganar gini kuwa na san ba a yin ta da baki, kuma na san halin da ƙasa take ciki, ga tsaro ga tsadar rayuwa. Na ga azuzuwa sababbi da aka gina a wasu makarantu, har da masu fenti, Allah ya ƙara. Amma haihuwa ta fi gini sauri, duk Oktoba layin masu rubuta CI sai ya fi na bara tsawo. Tunda an rage kuɗin siminti bayan ambaliyar nan, me zai hana a yi da mu? A unguwarmu akwai magina, akwai masu amalanken shanu da za su kawo yashi, akwai mai walda da ya ce ƙofa da taga kuɗin ƙarfe kawai zai karɓa, samarin fada ma da ake zagi su ne suka kafa muna dirkoki bana ba su karɓi komai ba sai shayi da sukari. Abin da ya fi ƙarfinmu siminti ne da kwano da wanda zai duba aikin don kar mu gina abin da zai faɗo wa yara. Kuɗin da muke zubawa a zana duk shekara awaki su cinye, in aka tara na shekara 5 ai ya yi nisa a bulo. Ko aji ɗaya a shekara ne mun yarda. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, garin lise Amadu Kuran Daga da ya fitar da manyan ƙasa, bai kamata a ce ɗan CP ɗinsa yana zaune kan buhun shinkafa ba.

Dirkokin rumfunan da suka faɗi mun tsince su, guda 14 ne masu sauran amfani, suna jingine a bayan shagona na ɗaure su da waya don kar a yi girki da su. Kwamitinmu zai zauna Asabar ta farko a watan Satumba bayan la'asar, a tsakar makaranta, don mu yanke ko za mu sake bin gidaje karɓar kuɗin zana ko kuwa akwai wani abin da za mu jira daga gare ku. In an turo ko konseye ɗaya ne za mu shimfiɗa mishi tabarma, zan zo da kayen kuɗin ya duba da idonsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka ba mai ɓarna ba.

Naku,
wani uba mai ɗinki, ma'ajin kwamitin wata makarantar firamare a Damagaram